Rami ne ko tudu? Nazarin wata gardama kan hoton watan ƙanƙara a wata makarantar karkara a Jigawa

Takarda ɗaya ce tak ta jawo abin. Na bugo ta a wani shagon kwamfuta a Dutse, na ninke ta huɗu na cusa a aljihun gaba, ta sha zufa da ƙura a kan babur kafin ta iso ƙauye. Ina koyar da lissafi da fiziks a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke tsakanin jigayi, inda in kana son sabis mai ƙarfi sai ka hau tudun yashin bayan makaranta ka ɗaga waya sama. A makon muna kan darasin kusurwa da inuwa, wanda ba ya ɓacewa a jarrabawar WAEC da NECO: ga sanda a tsaye, inuwarta kaza, rana ta ɗaga digiri kaza, nemo tsayin sandar. Na gaji da sandar nan, shekara da shekaru ina zana ta a allo. Sai na ce bari in kawo wa 'yan aji biyar wurin da ba wanda ya taɓa takawa balle ya ɗora masa rula, su ga cewa da wannan lissafin dai ake auna shi.

Hoton arewacin Enseladus ne, ɗaya daga cikin watannin da ke zagaya duniyar Zuhal. Ɗan ƙarami ne, faɗinsa kilomita 504, bai kai tafiyar mota daga Kano zuwa Maiduguri ba. William Herschel ya fara hango shi a 1789. Fuskarsa duk ƙanƙarar ruwa ce, fara fat, tana mayar da kusan duk hasken da ya faɗo mata, kuma sanyin wurin ya kai kimanin digiri 200 ƙasa da sifili, sanyin da ke sa ƙanƙara ta yi tauri kamar dutse. Kumbon Cassini, wanda aka harba a watan Oktoba na 1997 ya isa Zuhal a tsakiyar 2004, shi ya ɗauki hoton a watan Maris na 2008. A tsakiyar hoton akwai manyan da'ira guda biyu, dab da juna. Sunan ɗaya Ali Baba, faɗinsa kusan kilomita 39, ɗayan Aladdin, kusan 37. Sunayen wuraren wannan wata daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya aka ɗebo su, shi ya sa yara suka fashe da dariya da na faɗa, suka ɗauka wasa nake.

Yadda gardamar ta tashi

Na ba layin gaba takardar na ce su miƙa baya. Na tambaya me suka gani, aka ce ramuka. Haka aka yi ta amsawa har takardar ta isa bencin ƙarshe na ɓangaren mata, hannun wata yarinya da ba ta cika magana ba, wadda kullum takan makara saboda sai ta kai wa babanta abinci gona ko ta ɗebo ruwa kafin ta taho. Ta duba ta ce, "Malam, ai wannan tudu ne. Kamar an kifa ƙwarya."

Aji ya ɗauki ihu. Na taka na je wurinta, sai na ga a juye takardar ta zo mata, ƙasa a sama. Na karɓa na ɗaga wa kowa yadda ta riƙe, ajin ya yi tsit, don ramukan da suka rantse sun gani sun kumbura sun zama tuddai a gaban idonsu. Na sake juyawa suka koma ramuka. Wani yaro ya ce a'uzubillahi.

Ba siddabaru a ciki. Idon ɗan Adam ya saba da haske daga sama, don haka da ya ga da'ira mai haske a sama da duhu a ƙasa sai ya yanke hukuncin cewa abin ya tashi, in kuma duhun ne a sama sai ya ce ya lotsa. Washegari na kai su cikin sito muka rufe taga, na ajiye ƙwarya biyu a ƙasa, ɗaya a buɗe ɗaya a kife, na haska da tocila daga gefe. Wadda ke kife, ɓangaren da ke fuskantar tocila ne ke haske. Wadda ke buɗe, bangon da ke nesa da tocila ne ke haske, na kusa da ita yana cikin duhu. Ke nan hoto shi kaɗai ba ya faɗa maka komai sai ka san ta inda rana ta fito. A hoton namu an gane wannan cikin sauƙi, domin gefe guda na watan ya shiga dare, rana kuwa tana ɗaya gefen. Da muka bi wannan, hukunci ya fito: ramuka ne, irin waɗanda duwatsun sararin sama ke haƙawa in sun faɗo.

Na ɗauka magana ta ƙare. Muna fita daga siton yarinyar nan ta tsaya a bakin ƙofa da takardar a hannu, ta ce, "Malam, na yarda bakin rami ne. Amma dubi tsakiyarsa. Haskensa irin na wadda aka kifa ne." Na ce mata idonta ne bai gama dawowa daidai ba. Wannan shi ne kuskurena na farko a aikin, kuma na fi wata guda kafin in gane.

Inuwa, da abin da Baba maigadi ya sani

Tun da an tabbatar rami ne, sai tambayar darasi ta taso, wato zurfinsa nawa. Kafin in kai su can na so su fara auna abin da za su iya taɓawa. Muna tsakar fili da sanda da igiya, sai maigadin makaranta, dattijo ne da ke ladanci a masallacin unguwarsu, ya matso yana kallonmu. Ya ce, "Malam, me kuke nema a ƙasa?" Na ce, "Baba, tsayin tsamiyar can muke so mu sani ba tare da an hau ba." Ya yi murmushi, ya juya wa rana baya, ya duba inda inuwar kansa ta tsaya, ya fara takawa ƙafa bayan ƙafa yana ƙirgawa. Ya ce kafin agogo ya yi yawa da haka suke gane sallah. Tsayin mutum taku bakwai ne da ƙafarsa. In ka ware inuwar zawali, wadda ke saura lokacin da rana ta take tsaka, ka ƙirga taku bakwai a bayanta, La'asar ta shiga. Ya ƙara da cewa inuwar zawalin ba ta zama ɗaya, da hunturu tana da tsawo tana kallon arewa, da bazara kuwa akwai kwanakin da za ka neme ta ka rasa, tana ƙarƙashin ƙafarka.

Duk abin da ya faɗa yana cikin littafina, da wasu kalmomi. Muna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka a Disamba rana ba ta wuce kimanin digiri 55 ko da tsakar rana, a ƙarshen Afrilu da cikin Agusta kuma takan zo daidai bisa kai. A irin wannan ranar, lokacin da inuwa ta yi daidai da tsayin mai ita, rana tana kan digiri 45 cif. Ƙa'idar ɗaya ce ko a nan ko a Zuhal: tsayi shi ne tsawon inuwa a ninka da tan na kusurwar rana. Yara sun fi saurin kama ta daga bakin Baba fiye da daga allona, abin da bai yi mini daɗi ba a ranar, ko da yake na haɗiye.

Tsamiya ba ta ba mu wahala ba. Wahalar a gona muka same ta. An gama girbi, kunyoyin gero na nan a jere da kututturen kara, sai na raba su rukuni-rukuni na ce kowa ya auna tsayin kunya da inuwarta, sannan ya gwada da rula. Kunya mai tsayin santimita 20, in rana tana digiri 10, inuwarta ya kamata ta kai santimita 113. Amma tazarar kunya da kunya ba ta kai haka ba, sai inuwar ta tsallake kwarin ta hau bayan ta gaba, ta yanke a can. Wanda ya auna ta haka sai lissafi ya ba shi kunya gajeriya. Waɗanda suka yi aiki a gangaren jigawa kuma, inda ƙasa ke sauka, inuwa ta miƙe ta yi tsawo, kunyarsu ta fito kamar katanga. A nan ne suka gane da hannunsu cewa inuwa ba ta ba ka tsayin abu, abin da take ba ka shi ne bambancin tsayi tsakanin ƙololuwar da ta jefa ta da daidai wurin da bakinta ya sauka. In ba ka san yadda ƙasan wurin take ba, lambar da ka samu rabin labari ce.

Sai kuma hazo ya sauko. Kwana huɗu rana kamar faifan azurfa, inuwa ta narke ba ka ganin bakinta, aiki ya tsaya. Wannan aƙalla matsala ce da babu ita a Enseladus, tun da babu iskar da za ta watsa haske. Can inuwa baƙa ce mai kaifin baki, sai dai a ɓangaren da ke kallon Zuhal, inda hasken da Zuhal ke mayarwa kan ɗan haska cikin duhun, kamar yadda farin wata ke yi mana.

Inda aikin ya karye

Da hazo ya washe muka koma kan takardarmu. Abu na farko shi ne sanin ko ɗigo ɗaya na hoto mita nawa ne a ƙasa. Kyamarar Cassini mai hangen nesa tana da ɗigo 1024 a tsaye, 1024 a kwance, kuma ƙa'idarta mai sauƙi ce: a nisan kilomita 10,000 ɗigo ɗaya yana cin kimanin mita 60. A ce kumbon yana nisan kilomita 30,000, ɗigo ya zama mita 180. A ce ka ƙirga inuwa ɗigo goma, mita 1,800 ke nan, in rana tana digiri 15 zurfin ya kama wajen mita 480. Kuskuren ɗigo ɗaya tak yana motsa amsar da kusan mita 50. Mu da ba mu da ɗigo sai tawada, muka yi amfani da faɗin ramin da aka sani muka fitar da ma'auni, kowane rukuni ya ɗora rula.

Amsoshin da suka dawo ba su ko yi kama da juna ba. Na wani rukuni ya ninka na wani sau uku. Na fara zargin yaran da sakaci, na sa aka sake, aka sake samun watsewa iri ɗaya. Da daddare na zauna da fitilar sola na auna da kaina sau uku, na samu amsa uku.

Laifin nawa ne, ta fuska fiye da ɗaya. Hoton da na sauko da shi irin wanda ake rabawa jama'a ne, an haɗa shi daga hotuna fiye da ɗaya, an gyara haskensa don ya yi kyau a ido. Firintar shagon kuma ta ƙara masa baƙi, ta haɗe toka-toka da baƙi ƙirin wuri guda. Ainihin hotunan, da bayanin nisa da kusurwar rana na kowanne, suna nan kyauta a rumbun bayanan duniyoyi na NASA, kuma akwai manhajar ISIS ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka da ake sarrafa su da ita, ita ma kyauta. Amma kyauta a intanet daban, kyauta a kan tudun bayan makarantarmu daban, inda data ke ƙarewa kafin fayil ya kai rabi.

Babban laifin kuwa na fahimta ne. Ba kowane duhu ne inuwa ba. Gangare ba ya jefa inuwa sai in tsayuwarsa ta fi kusurwar rana. In rana tana digiri 15, gangaren kuma digiri 8 ne, rana na taɓa shi, sai dai a kaikaice, don haka yana dushewa ne kawai. Mafi yawan abin da muka yi ta ɗora wa rula irin wannan dushewar ce, wadda ba ta da baki, kowa yana yanke ta inda idonsa ya ga dama. Masana suna da hanyar cin moriyar wannan dushewar, su karanta hasken kowane ɗigo su fitar da karkatar ƙasa, su tara karkatar ɗigo bayan ɗigo har siffar wurin ta fito. Hanya ce mai fitar da ƙananan abubuwa da kyau, amma tana da sharaɗi mai nauyi, wato a ɗauka cewa launin ƙasar iri ɗaya ne ko'ina. Duk manomin da ya san bambancin farar jigawa da baƙar ƙasar fadama ya san haɗarin wannan zato. Tabo mai duhu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai lissafi ya mayar da shi gangare. Kuma ƙaramin kuskure a farkon layi yana bin tarin har ƙarshensa yana girma.

Ido biyu, da bakin faifai

Shugaban makaranta ya kira ni ofis a mako na biyar. Ya ce iyaye na tambaya me ya kai yara gona da rula alhali jarrabawa na matsowa. Na ce, "Ranka ya daɗe, darasin kusurwa ne, kuma ban taɓa ganin ajin da ya riƙe shi kamar wannan ba." Ya ba ni mako biyu in rufe. Gaskiyarsa ne, don na bar lissafin riba da faɗuwa a baya.

A cikin mako biyun na nuna musu hanya ta biyu. Na ce kowa ya miƙa babban yatsa ya rufe ido ɗaya, sannan ya sauya. Yatsa yana tsalle, bishiyar nesa ba ta motsi. Girman tsallen shi ke nuna kusanci. In kumbo ya ɗauki wuri ɗaya daga kusurwa biyu, ƙololuwar tudu tana gocewa fiye da gindinsa, daga gocewar ake fitar da tsayi, ba ruwan wannan da launin ƙasa. Muka gwada da waya biyu a kan kunyoyi, a ɗauka, a matsa taku biyu gefe, a sake ɗauka. Rukunin da ya ɗauki nasa a jere ya iya daidaita kowane kututture da ɗan'uwansa. Wani rukuni caji ya ƙare musu bayan hoto na farko da safe, suka ɗauki na biyu da yamma, inuwa ta koma ɗaya gefen, suka kasa gane wace kunya ce wace.

Wannan tsautsayin nasu shi ne halin da masu taswirar watannin ƙanƙara ke ciki kullum. Cassini Zuhal yake zagayawa, Enseladus wucewa kawai yake yi ta gefensa da gudu, sau ashirin da 'yan kai a cikin shekara 13, kafin a ƙare aikinsa ranar 15 ga Satumba, 2017. Hoto biyu na wuri ɗaya kan iya zama shekaru ne tsakaninsu, ɗaya daga kusa ɗaya daga nesa, rana a wurare daban. Shekarar Zuhal ɗaya ta kusa shekara 30 tamu, don haka lokacin da kumbon ya isa can, ƙuryar arewa ta Enseladus, wato can ƙarshen arewacinsa, tana cikin dogon dare, bayan Agustan 2009 kuma ƙuryar kudu ce ta fara shiga duhu. Kumbon ba ya ɗauke da ma'aunin tsayi na hasken leza irin wanda aka auna Watanmu da duniyar Mirriku da shi. Haka ma kumbunan Voyager da Galileo da suka gabace shi. Kusan duk wani tsayi ko zurfi da aka rubuta game da fuskar waɗannan watanni daga hoto aka tatso shi, kuma mutane irin su Paul Schenk na cibiyar nazarin wata da duniyoyi da ke Houston sun shafe shekaru suna haɗa ido biyu da karatun haske don ɗaya ya gyara ɗaya.

Hanya ta uku ban samu damar gwada ta da su sosai ba, sai bayani. In aka ɗauki watan gaba ɗaya a kan baƙin sararin sama, bakin faifansa yana fitowa da kaifi, ana bin sa ɗigo-ɗigo. Tara irin waɗannan daga kusurwoyi da yawa ya nuna cewa Enseladus ba ƙwallo ba ne sak. Daga cibiyarsa zuwa gefen da ke kallon Zuhal kilomita 256.6 ne, zuwa gefen da ke fuskantar hanyarsa 251.4, zuwa ƙurya kuma 248.3, jan Zuhal da juyawarsa sun ɗan miƙar da shi. Aka kuma ga ƙuryar kudu ta lotsa da 'yan ɗaruruwan mitoci. Daidai wurin ne ke da manyan tsagogi huɗu, Iskandariyya, Alƙahira, Bagadaza da Dimashƙu, kowanne tsawon kimanin kilomita 130, waɗanda a 2005 aka gano suna fesar da tururin ruwa da garin ƙanƙara sama. Ruwa ya fi ƙanƙara nauyi, shi ya sa ƙanƙara ke yawo a saman kular zoɓo, kuma in ta narke takan ci wuri ƙasa da na da. Lotsawar ta sa tun 2007 wasu masana suka yi hasashen akwai ruwa a ƙarƙashi.

Abin da ya fi burge ni ya zo a 2015. Peter Thomas na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun bi ramuka da sauran alamomi a ɗaruruwan hotuna na sama da shekara bakwai, suna duba ko kowanne yana inda lissafi ya ce ya kasance. Suka tarar watan yana ɗan rangaji a kewayensa na awa 33, rangajin digiri 0.12. Na sa yara suka mayar da wannan zuwa nisa, ya ba su kimanin rabin kilomita a ƙugun watan. Kaɗan ne, amma ya yi yawa ga abin da ɓawonsa ke manne da dutsen cikinsa. Na sa aka kawo baho da ruwa aka kifa ƙwarya a kai irin ta kiɗan ruwa, aka kifa wata a kan taɓo. Ta kan ruwa ɗan yatsa ke juya ta, ta taɓo sai da ƙarfi. Ɓawon ƙanƙarar Enseladus a kan teku yake zaune, tekun da ya kewaye watan gaba ɗaya, kuma da ƙirga ɗigon hoto aka tabbatar.

Tsakiyar ramin

Ina shirya wannan darasin ne, a kan tudu da waya a hannu bayan Magariba, na ci karo da bayanin Ali Baba da Aladdin ɗin kansu. Dukansu biyu suna da babban tudu a cikinsu, ƙasan ramin ya kumbura ya taso. Na buɗe takardar da ta riga ta yage a ninki na haska da waya. Ga shi nan ƙuru-ƙuru, haske a ɓangaren rana, dushewa a bayansa, irin na ƙwaryar da aka kifa, a cikin bakin da ke da hasken ƙwarya buɗaɗɗiya.

Dalilin yana komawa ga zafi. Ƙanƙara mai tsananin sanyi tana riƙe siffa kamar dutse, amma in ƙasanta ya ɗan ɗumama tana malala a hankali cikin miliyoyin shekaru. Ka danna yatsa a malmalar tuwo mai zafi, kafin ka kai loma baki ramin ya fara cikowa, ka danna a kwantai da safe ramin na nan yadda ka bar shi. Babban kwarin rami shi ke fara tasowa, siririn bakinsa kuwa yana daɗewa, sai a wayi gari da zobe a kewaye da tudu. Saboda haka masana ke auna zurfin ramuka su gwada da zurfin da ya kamata rami mai wannan faɗin ya yi, gibin da ke tsakani ya faɗa musu yawan zafin da ya taɓa ratsa ɓawon a wurin. Wannan ya ƙara bayyana watsewar amsoshinmu, domin mun yi ta lissafi kamar ƙasan ramin a shimfiɗe yake, alhali ɗan abin da ya samu na inuwa yana hawa bayan tudu ne, kamar yadda ta yi mana a kunyoyin gero.

Washegari na faɗa a gaban aji cewa yarinyar nan ta bencin ƙarshe ita ce ta gani daidai tun a bakin sito, ni na kauce. Ba ta ce komai ba, ta ja mayafi ta rufe baki. Ina ganin abin da ya hana ni gani shi ne na riga na sami bayani mai daɗi, wato ruɗin ido, na kuma ji daɗin kaina da shi, sai na shafa shi a kan duk abin da ta ƙara faɗa. Ita kuwa ba ta da bayanin da za ta kare, ta ɗauki ƙa'idar ƙwarya biyu ta bi da ita har tsakiyar da'irar, inda ni na tsaya a baki.

Ba mu fitar da zurfin Ali Baba ba, kuma ban bari kowa ya rubuta lamba a littafinsa ba. Abin da aka rubuta shi ne zanen yankan ramin daga gefe zuwa gefe: baki ya tashi, bango ya gangara, tudu a tsakiya, bango, baki. A jarrabawar ƙarshen zango na sa tambayar sanda da inuwa kamar kullum, na ƙara wata a ƙasanta, inda inuwar ta faɗa a kan gangare. Fiye da rabin ajin sun lura da tarkon.

Na yi musu alkawarin zango mai zuwa za mu taɓa Yuropa, watan duniyar Mushtari mai faɗin kilomita 3,100 da ɗoriya, wanda fuskarsa cike take da tagwayen kunyoyi masu tsayin mita ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa, suna hawa kan juna. Hotunansa na kusa ba su da yawa, saboda babbar eriyar kumbon Galileo ta ƙi buɗewa a 1991, aka koma aiko da bayanai ta ƙaramar. Kumbon Europa Clipper ya tashi ranar 14 ga Oktoba, 2024, ana sa ran isarsa a Afrilun 2030 da kyamarori masu ɗaukar wuri daga kusurwoyi daban-daban a wucewa ɗaya. JUICE na Turai, wanda ya tashi a Afrilun 2023, zai isa a 2031 ɗauke da ma'aunin leza don Ganimid, wani watan Mushtarin. Wannan karon na nemi wani abokina da ke aiki a Kano ya sauko mini da ainihin fayilolin a kan filashi, da bayanin kusurwar rana na kowane hoto. Baba maigadi ya ce in an tashi komawa gona a sanar da shi tun da dare, zai nuna mana wani fegi a bakin fadama inda kunyoyin suka fi tazara, inuwar safe za ta samu wurin kwanciya.